Yadda muka kai ɗinkin hannun Zariya kasuwar intanet, tun daga rajista har bibiyar masu saye

Abokan sana'a da yawa suna tare ni da tambayar yadda ake biyan kuɗin talla a Facebook da Instagram, wasu kuma sun riga sun zuba kuɗinsu ba su ga komai ba sai tarin laik. Na ga gara in rubuta abin da na bi daki-daki, tun daga takardu har zuwa aikin da nake yi kowane dare, domin wanda zai shiga ya san inda kuɗi ke tafiya da inda ciniki ke fitowa. Shagon na Baffana ne, a cikin birnin Zariya, muna yin manyan riguna da kaftani da huluna na aikin hannu. Shadda daga Kantin Kwari muke saro ta, mai zane ya zana aikin, a rarraba wa masu ɗinki, waɗanda da yawansu mata ne a cikin gidajensu, in an gama a haɗa rigar a kai wa masu bugu. Riga mai aska takwas ba ta kammaluwa a sati guda ko biyu, wata sai ta haura wata. Ku riƙe wannan maganar, don ita ce ta juya mana tsarin tallar gaba ɗaya daga baya.

Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin shadda ya yi ta hawa, aikin inji kuma ya cika gari da araha. Tsofaffin masu sayenmu, masu sarauta da angwaye da dillalai, suka fara jan ƙafa. A ƙarshen shekarar na sami Baffa a zaure bayan la'asar na ce masa, "Baffa, ina neman izini in sa kayan nan a waya." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wa zai sayi riga bai taɓa ta da hannunsa ba? Wannan ai cinikin biri a sama ne." Duk da haka ya amince, da sharaɗi biyu: kada in taɓa uwar kuɗi, kada kuma fuskar matan da ke mana ɗinki ta fito a ko'ina.

Matakin farko shi ne rajistar sunan kasuwanci a Hukumar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Buɗe shafi a Facebook ba ya buƙatar wannan takarda, amma asusun banki da sunan shago yana buƙatarta, kuma mutumin da ke Abuja bai san ka ba ya fi sakin jiki idan sunan da ya gani a shafi shi ne sunan da ya fito masa lokacin transfa. Ana yin rajistar ta intanet, ba sai an je Kaduna ba. Na je wani kafe a PZ da katin NIN na Baffa, da hoton fasfo, da sa hannunsa a farar takarda, da lambar waya da adireshin imel. Lokacin da muka yi tamu, ana fara neman a keɓe suna, ana ba da guda biyu ko da an riga an ɗauki na farko. A lokacin kuɗin keɓe suna naira 500 ne, na rajista kuma naira 10,000, ladan mai kafe daban, wannan kuwa ciniki ake yi. Hukumar ta sake duba kuɗaɗenta daga baya, saboda haka a leƙa shafinta kafin a fita daga gida. Sunanmu na farko ya yi kama da na wani, na biyun ya wuce. Abin da ke yawan dawo da takardun mutane baya shi ne saɓanin rubutun suna: idan a NIN Muhammad ne, a fom kuma aka sa Mohammed, sai an gyara. Mai kafen ya ɗora katin a gabansa yana kwafa harafi-harafi. Bayan 'yan kwanaki satifiket ya fito, muka sauke shi, na buga a takarda, na kuma ajiye kwafi a imel. Mai kafen ne kuma ya nema mana lambar haraji ta TIN.

Banki ya fi cin lokaci. Sun nemi satifiket ɗin CAC, da TIN, da BVN da NIN, da hotunan fasfo, da takardar kuɗin wuta ta kwanan nan, da mutum biyu masu asusu irin na 'yan kasuwa da za su tsaya mana. Takardar wutar gidanmu har gobe sunan marigayi kakanmu ne a kanta, kamar yawancin tsofaffin gidajen cikin birni. Ma'aikaciyar ta ce ba damuwa muddin adireshin ya dace, amma sai an turo wanda zai ga wurin da ido. Ranar da ya zo sai da na tare shi a Ƙofar Doka, don lungunanmu ba mai gane su da kwatance. Dole Baffa ya je da kansa ya sa hannu, kuma zaman layi bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Wanda zai kai dattijo banki ya yi sammako, ya kuma guji Litinin da ƙarshen wata.

Daga nan na nemi wanda zai koya mini aikin. Na sami wani matashi mai ɗan shago a Samaru, ba nisa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, yana kula da shafukan wasu 'yan kasuwa. Muka yi da shi cewa koya mini zai yi, ba riƙe mini zai yi ba, na biya rabin kuɗin, sauran sai an kammala. Zaman farko bai taɓa maganar talla ba. Ya ce, "Alhaji, kafin ka zuba kaya a shago ai ƙofa ake fara sa wa." Ya sa na buɗe shafin da asusuna na Facebook na kaina, na kunna tsaro mai mataki biyu a Facebook da Instagram da WhatsApp da imel, na rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda na adana a gida. Shi kuma na ba shi izinin shiga a matsayin mai taimako, wanda zan iya cirewa duk ranar da na ga dama. Na san mutane a Sabon Gari da suka bar wani ya buɗe musu shafi da asusunsa, da aka ɓata ya tafi da shafin da mabiyansa duka, ba su da hujjar cewa nasu ne. Bayan haka muka mayar da Instagram na kasuwanci, muka sa WhatsApp Business a layin da shago kaɗai ke amfani da shi, muka haɗa su duka a Meta Business Suite, inda saƙonni da sharhi da alƙaluma ke taruwa wuri guda.

Wajen buɗe asusun talla akwai zaɓi biyu da ya kamata a nutsu a kansu: irin kuɗin da za a riƙa biya, da agogon da za a bi. Mun zaɓi naira da agogon Legas. Idan an zo sauyawa daga baya, sabon asusu ake buɗewa, tarihin tsohon ya tsaya inda yake. A wancan lokaci bankuna da yawa sun rufe biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira tun 2022, don haka waɗanda suka zaɓi dala suna fama da neman katin dala na intanet da tsadar canji. Namu na zubawa ne tun kafin aiki: ka sa kuɗi, talla ta riƙa ci a hankali, idan ya ƙare ta tsaya. Wannan ya kwantar wa Baffa hankali, don babu yadda bashi zai hau mu. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan talla a Najeriya tun Janairun 2022, wato tallar naira 20,000 harajinta 1,500 ne, a sa shi cikin lissafi. Masu iPhone kuma su sani, tun cikin 2024 wanda ya danna Boost, maɓallin mayar da abin da ka wallafa talla, ya biya ta cikin manhajar wayar akwai ƙarin kashi 30 na kamfanin Apple. Wanda ya shiga ta burauza ko kwamfuta ya zuba kuɗin ba ya biyan wannan.

Ɗaukar hoto ya ba mu aiki fiye da yadda na zata. Shaddar da ta sha bugu tana ƙyalli, a rana sai ta fito fari fat ba a ganin aikin, da fitilar waya kuma launi ya sauya, shuɗi ya koma toka-toka. Inda ya dace shi ne bakin zaure da hantsi, haske na shigowa ta gefe, rigar a shimfiɗe kan tabarma. Malamin nawa ya sa na riƙa ɗaukar uku a kowace riga: cikakkiya, sai kusa da aljihu inda askar take, sai kuma bayan ƙyallen. Wannan na ukun ni na san amfaninsa, shi bai sani ba sai da na nuna masa. Aikin inji bayansa sumul yake, zaren ƙasa a jere ba tangarɗa. Aikin hannu kuwa za ka ga ƙulle-ƙullen zare, da inda mai ɗinki ta tsaya ta sake zura allura, da 'yar karkatar da ba a rasawa. Wanda ya san riga, bayanta yake juyawa.

Tallar farko gwaji ce da gangan. Malamin ya ce mu fitar da biyu a tare, hoto iri ɗaya, kowace naira 2,000 a rana na sati guda. Ta farko muka ce muna son mutane su yi laik da sharhi, muka bar ta ga Najeriya duka. Ta biyu muka shiga Ads Manager, wurin tsara talla na Facebook, muka zaɓi manufar samun saƙo, da maɓallin da ke kai mutum WhatsApp ɗinmu kai tsaye, muka taƙaita ta ga Zariya da Kaduna da Kano da Abuja, 'yan shekara 28 zuwa sama. Talla ba ta fita nan take, sai an tantance ta, yawanci cikin awa 24. Na kwana ina duba waya. Da safe duka biyun suna tafiya, ya kuma gargaɗe ni kada in taɓa komai, domin duk wani babban gyara yana mayar da ita tantancewa, na'urar Facebook mai rarraba talla kuma ta koma koyon waɗanda za ta nuna wa daga farko.

Ta farkon ta cika da jama'a. Masha Allah, Allah ya ba mu ikon saye, aiki ya yi kyau, wani ma ya yi mana addu'a mai tsawo. Na ji daɗi, na kai wa Baffa wayar yana gani. Ya karanta kaɗan ya ce, "Madalla. Wanne ne a cikinsu ya turo kuɗi?" Babu. Ta biyun laik ɗinta bai taka kara ya karya ba, amma saƙonni suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu aka yi cinikin kaftani da babbar riga guda. Na'urar abin da ka roƙa take ba ka. Idan ka ce laik kake so, ta san mutanen da yatsansu ba ya gajiya da dannawa, su za ta kawo maka.

Daga nan ainihin aikin ya fara, wato bibiya, kuma shi ne abin da yawancin masu tambayata ba sa son ji. Na sayi littafi mai layi na raba shi gida-gida: rana, garin mai magana, inda ya gan mu, abin da ya tambaya, da yadda aka ƙare. Kowane dare bayan isha'i sai in zauna in cike shi, sannan in buɗe alƙaluman Meta Business Suite in kwatanta. A can za ka ga mutum nawa talla ta kai wa, shekarunsu, maza ne ko mata, garuruwansu, da kuɗin da kowane saƙo ya ci. Abin da ba za ka gani ba shi ne wanda ya biya, tunda ciniki a WhatsApp yake ƙarewa, alat kuma a banki. Littafin ne ke haɗa biyun. A ƙarshen wata nakan tara duk abin da talla ta ci har da haraji da data, in raba da yawan kayan da suka fita ta dalilinta. Idan abin da ya hau kan kowace riga ya kusa cinye ribarta, tallar ba ta da amfani komai yawan masu kallo. Wata tallar saƙonta na da araha amma duk 'yan "nawa ne" ne da ke ɓacewa, wata kuma saƙonta na da tsada amma mutanenta da niyya suke zuwa.

Littafin ya nuna mini abubuwan da ban taɓa kawowa a rai ba. Na ɗauka maza ne za su riƙa magana, tunda kayan maza ne. Ashe mata ne suka fi kai ciniki ƙarshe: mai saya wa miji, mai saya wa mahaifi, yayar ango da aka ɗora wa haɗa kayan ɗaurin aure. Da na cire takunkumin da ya taƙaita tallar ga maza sai ciniki ya ƙaru. Saƙonni sun fi shigowa daga bayan isha'i zuwa wajen sha ɗaya, kuma wanda aka bari har safe sau da yawa ya riga ya yi gaba. Tambayoyi biyu kuma suka yi ta maimaita kansu: na hannu ne ko na inji, sannan zai samu kafin rana kaza? Don ta farkon muka ɗauki gajeren bidiyo, hannu kawai da allura da ƙyalle a kan gwiwa, ba fuska, ba kiɗa, sai ƙarar zare yana ratsa shadda. Har yau babu abin da ya kawo mana masu saye kamarsa. Game da farashi, na gwada ɓoyewa na gwada bayyanawa. Da aka rubuta cewa kaya sun fara daga kaza, saƙo ya ragu amma ɓata lokaci ya fi raguwa, don haka a nan na tsaya. A WhatsApp Business na jera kaya a katalog, na tanadi amsoshin da ake yawan buƙata, kamar yadda ake auna tsawo da faɗin kafaɗa, na kuma riƙa liƙa wa kowa alama: sabo, ya ba da kafin alƙalami, ana ɗinki, an tura. Da yawa sun fi son saƙon murya, musamman dattawa, kuma idan babban ciniki ne nakan miƙa wa Baffa wayar. Muryarsa kaɗai tana rufe cinikin da ni zan kwana ina ja.

Bibiya ba ta tsaya kan shafinmu ba. Akwai Meta Ad Library, kyauta ne, ka rubuta sunan kowane shafi ka ga tallace-tallacen da yake yi a halin yanzu da ranar da ya fara su. Tallar da na ga ta daɗe tana tafiya nakan ɗauka tana biyan mai ita, sai in duba me ya yi daidai. Google Trends na nuna yadda neman wani abu ke hawa da sauka jiha-jiha, amma ƙananan kalmomin sana'armu ba su da yawan masu nema da zai sa ya nuna wani abin kirki. Na fi ƙaruwa da karanta sharhin da ake yi a ƙarƙashin hotunan bukukuwa da na hawan sallah, inda mutane ke tambayar wane launi ne wannan, wa ya ɗinka wancan.

Azumin 2024 ya zo mana da darasi biyu. Talla gwanjo ce, idan masu neman idon mutane suka yi yawa kuɗi na tashi, kuma a azumi kowane mai atamfa da takalmi da turare yana ciki. Ga shi kuma masu tambaya suna son babbar riga kafin sallah, alhali hannun masu ɗinki ya cika tun Sha'aban. Muka dakatar da tallar manyan riguna muka koma kan huluna da kaftanin da ke ƙasa a shirye. Ana cikin haka, ranar 14 ga Maris, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka sami matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta yi rauni, transfa ta riƙa maƙalewa. Lambobin da ke littafina su suka cece mu, na bi masu oda da kira ɗaya-ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru bayan ƙaramar sallah. Wata baiwar Allah ta kira daga Kaduna ranta a ɓace, ta ce ta biya kuɗin riga tuntuni shiru. Na duba littafi babu sunanta, na duba banki babu alat. Na ce, "Hajiya, don Allah turo mini hoton inda kika yi magana da mu." Sai ga shafi da sunanmu, an ƙara harafi ɗaya a ƙarshe, hotunanmu ne tsaf har da tabarmar zauren, asusun da ta tura wa kuɗi kuma sunan wani mutum ne can daban. Jikina ya yi sanyi, don sunan Baffa ne ake ci da shi. Na ɗauki hoton shafin da adireshinsa da lambar asusun kafin su goge. Na kai ƙara ta maɓallin da ke kan shafin cewa yana kwaikwayon kasuwancinmu, na kuma cike fom ɗin haƙƙin mallakar hotuna, inda ake sa adireshin hotonka na asali da na wanda aka kwafa. Na roƙi amintattun masu sayenmu su ma su kai ƙara. Ita kuma na ce ta hanzarta zuwa bankinta da resit, ta kuma sanar da 'yan sanda. An sauke shafin daga baya. Baffa ya ce a yi mata ragi mai yawa idan har yanzu tana son rigar, ta kuwa saya.

Tun daga ranar na ƙara wasu ayyuka. Kowace Juma'a nakan rubuta sunan shagonmu a wurin bincike na Facebook da Instagram da TikTok, da rubutu iri-iri, in ga ko wani ya fito. Kowane hoto yana ɗauke da sunanmu da lambarmu a tsakiyar rigar, inda ba za a yanke ba. A saman shafi na kafe sanarwa cewa asusunmu ɗaya ne kuma da sunan shago yake. Nakan koya wa masu saye su duba bayanan shafi, inda ake nuna ranar da aka buɗe shi da ko an taɓa sauya masa suna. Sannan duk wanda ya ajiye lambar wayarsa a sharhi nakan ɓoye ta nan take in bi shi ta saƙo, domin 'yan damfara na tsintar irin waɗannan lambobi su kira mutum a matsayin su ne mu. Ta ɓangarenmu ma, hoton resit ba ya sa kaya su fita, sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗin da idona.

Ƙorafi na gaskiya kuwa ba na goge shi. Wani ya taɓa rubuta cewa wuyan kaftaninsa ya matse shi, Baffa ya ce a cire kada mutane su gani. Na ce, "Baffa, sun riga sun gani, yanzu amsarmu suke jira." Na ba shi haƙuri a fili, na ce ya dawo da shi a gyara kuɗin mota a kanmu, sannan na kira shi. Da aka gyara shi da kansa ya dawo ya rubuta godiya a wurin. Turawa kuma ta mota muke yi, yawanci daga Kwangila: in ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, in tura wa mai kaya tare da lambar direba, in rubuta a littafi.

Yanayin kasuwar kansa yana ta juyawa a ɗan zaman da na yi a ciki. Hoto tsaye ya ja baya, gajeren bidiyo na Reels da TikTok ya karɓe fage. Masu barkwanci da masu mabiya da yawa suna tallata kaya a kan kuɗi, mun gwada da wani, aka kalla sosai, amma da na bi littafi ina tambayar kowa inda ya gan mu, waɗanda suka ambace shi ba su da yawa. Ango guda da ya sa hotonsa da rigarmu ya ambaci shafinmu ya fi kawo mana mutane, don abokansa su ne masu aure a gaba. Yanzu nakan nemi izinin mai kaya kafin in sa hotonsa, ladabi ne, kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, na lura mutane ba sa tsayawa kan dogon bidiyo, sai na mayar da namu ƙasa da rabin minti, aikin ya bayyana tun a daƙiƙun farko. Hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa kuma sun sa mutane shakkar duk abin da ya cika kyau, shi ya sa masu cewa a kira su ta bidiyo su ga rigar a hannu suka ƙaru, ni kuwa ina maraba da hakan. Sitatus ɗin WhatsApp, da ba a biyan ko kwabo, shi ke dawo mana da tsofaffin masu saye. Saƙon bai-ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 256, amma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka, don haka duk cinikin da aka gama nakan roƙi mutum ya adana tamu.

Wanda zai fara, ya gama da takardu da asusun shago da tsaron shafi kafin ya kashe ko naira ɗaya a talla. Ya fara da kuɗin da ba zai yi masa ciwo ba, ya bar talla ta yi kwanakinta, ya riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda don ya san me ya yi aiki. Idan ba shi da wanda zai zauna kan waya da dare ya amsa saƙo, ya jinkirta tallar har ya samu. Mai sayar da magani ko man shafawa ya san cewa dokokin tallarsu sun fi namu tsauri, ga kuma rajistar NAFDAC.

Ya kuma auna ƙarfin hannunsa. Mu yanzu tallar manyan rigunan ƙaramar sallah a Rajab muke fara ta, mu rufe karɓar oda a tsakiyar Sha'aban. Ta babbar sallah tana farawa da an sauko daga ƙaramar, ta angwaye kuma muna rubutawa a jikinta cewa a yi magana wata biyu kafin biki. Duk ranar da babbar mai rarraba wa matan aiki ta aiko cewa hannu ya cika, a daren nake kashe tallar, in bar sitatus da huluna su riƙe shagon har a sauke abin da ke kan allura.